Snap! na The Jam: ka sayi cikakken, kar ka yarda da guntun

Akwai mutanen da da zarar sun ji an ce faifan tarin tsofaffin waƙoƙi sai su yatsine fuska, wai dabarar kamfani ce kawai ta tatsar masoya. A kan wasu mawaƙan na yarda da su. Amma The Jam? Gaskiya lamarinsu daban ne.

Samari ne su uku daga garin Woking a Ingila, Paul Weller da Bruce Foxton da marigayi Rick Buckler mai ganga, su ne kan gaba wajen farfaɗo da salon mod a ƙarshen shekarun 1970, wato yayin nan na ɗamammiyar kwat da babur ɗin Vespa. Albam shida suka yi daga 1977 zuwa 1982 sai Weller ya watsa ƙungiyar suna tsaka da tashe. To matsalar ita ce da yawa daga cikin waƙoƙinsu mafi zafi ba sa cikin albam ɗin nan ko ɗaya, a ƙananan faifai suka fito su kaɗai. Going Underground da ta shiga lamba ɗaya kai tsaye a Birtaniya a 1980 ba ta ciki, Beat Surrender ta bankwana ma haka, kenan ko ka mallaki shidan nan cif kana da babban giɓi, sai dai in za ka bi kasuwar 'yan gwanjo kana tsintarsu ɗai-ɗai, kuma wa ke da wannan lokacin fisabilillahi.

Nan Snap!, faifan tarin waƙoƙinsu, ya yi min rana. Kamfanin Polydor ne suka fitar da shi a 1983, waƙa 29, an jera su kusan bi da bi yadda suka fito, shi ya sa in ka saka daga farko kana jin yadda yaran suka girma, daga hayaniyar kiɗan punk da gaggawa har zuwa inda kiɗan soul da ƙahonni suka shigo. Ni wannan jerin ma ya fi burge ni, ba na tsallake komai sai wajen waƙa biyu na farko-farko da ihun ya yi min yawa. That's Entertainment da ke ciki kuma ta gwaji ce, ba wadda aka saba ji ba, ta fi kaushi, wasu ba sa sonta, ni dai ta yi min.

Sai dai a kula, akwai wani wai shi Compact Snap! na CD da aka yanke wa waƙa takwas don ya shiga faifai ɗaya, har da The Butterfly Collector cikin waɗanda aka zubar, haba! Kamar a miƙo maka tuwo a ce miyar ta ƙare. Nemi bugun 2006 mai CD biyu, shi ne ya dawo da su duka.

Wani tarin nasu, Extras na 1992, na waɗanda suka riga suka kamu ne, waƙoƙin bayan ƙananan faifai da na gwaji, sabon shiga zai gaji. Akwatin Direction Reaction Creation na 1997 kuwa CD biyar ne, kusan komai na situdiyo yana ciki, in aljihunka da nauyi bismillah, amma ka sani in ka saye shi to Snap! ɗinka zai koma na sakawa a mota ne kawai.