Hayar keken hawan dutse a Jos: yadda ta kaya mana a gindin Shere

Asabar ɗin da ta wuce ni da ƙanina muka karɓi hayar keken hawan dutse wajen wasu samari masu ɗan shago ta ɓangaren Lamingo, su ke bada keken kuma su haɗa ka da ɗan jagora ya shiga da kai ƴan siraran hanyoyin nan na gindin duwatsun Shere. A Jos aka haife ni, kullum ina hango duwatsun nan daga gari amma wallahi ban taɓa sanin akwai irin hanyoyin nan a cikinsu ba sai ranar.

Kekunan gwanjo ne, su ma ba su ɓoye ba, amma an kula da su sosai. Wanda aka ba ni giyarsa Shimano ce, taya inci 29 mai manyan ƙuraje, shokozoba a gaba kawai, birkin kuma irin mai faifai ne da yatsa ɗaya ya isa ka tsaya. Kafin mu tashi jagoran ya daidaita min tsayin sirdi sannan ya rage iskar taya, na ce Malam ya haka, ya ce ai taya in ta yi tauri tsalle take yi a kan dutse, in ta ɗan yi laushi ita ke riƙe ƙasa. Gaskiyarsa ce kuwa, na gani da idona.

Hanyar fa ba hanya ba ce irin wadda muka sani, sawun ƙafa ne na mutanen ƙauye da shanu, faɗinta bai fi kamu biyu ba, dole ɗaya na bin ɗaya, nan ka ratsa tsakanin manyan duwatsu kafaɗarka na gogar su, can ka faɗa yashi, can kuma ka bi gefen gona da shingen kerana hagu da dama, ya ma ja mana kunne kar mu kuskura mu karya ta don farin ruwan nan nata in ya shiga ido ba kyau. Garin Jos kansa yana wajen mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar Shere ta haura 1,800, mu ko kusa da sama ba mu je ba amma hawan farko kawai sai da ƙirjina ya ɗau zafi ga sanyin hunturu na dukan fuska.

Jagoran nan shi ne kuɗin gaba ɗaya a wajena. Bai yi mana dogon turanci ba. Sauya giya tun kafin ka fara hawa, in ka bari sai kana tsakiya kana danna feda da ƙarfi sarƙa za ta iya tsinkewa. In za ka gangara miƙe a kan feda ka ja jikinka baya, kar ka damƙe birkin gaba lokaci guda. Sannan wadda ta fi zama min a rai, ya ce Yaya daina kallon dutsen da kake tsoro, inda idonka ya je nan keken zai je. Kuma duk inda muka haɗu da mata ɗauke da itace shi ke fara sauka ya ja keken gefe ya ce sannu Mama, ya ce mana hanyarsu ce mu baƙi ne. Abin nan ya burge ni ƙwarai. Ƙaya ta huda tayar ƙanina, nan take ya fito da faci da famfo daga jakarsa ya gyara muka wuce.

To amma akwai inda suka gaza kuma ba ƙaramin abu ba ne. Mun yi da su ƙarfe 6:30, sai wajen 8 muka tashi. Wannan da sauƙi. Hular kwano ce matsalar, wadda aka ba ƙanina igiyarta ta tsinke an ɗaure da leda, sai da na tsaya kai da fata aka nemo wata, a kan dutse fa za a hau! Da ya zame ya kuje gwiwa kuma ko auduga da aidin babu a jakar jagoran, da ruwan gorarmu muka wanke. Mutanen da suka iya kula da birki haka bai kamata a same su da wannan sakacin ba, na kuma faɗa wa mai shagon baki da baki, ya karɓa ya ce za su gyara.

Kuɗin zai ɗan yi wa ɗalibi nauyi amma ni ban ji na yi asara ba. Ku je da rani, da damina dutsen santsi yake yi musamman a Agusta. Mun riga mun yi da jagoran wata mai zuwa zai zaga da mu ta Rayfield wajen tsofaffin kududdufan kuza, na kuma sa ƙanina ya duba mana hular kwano guda biyu a kasuwar Taminus kafin ranar.