Gargaɗi ga masu sayen SSD da laftof ta WhatsApp

Ƙanena mai ɗaukar bidiyon biki ne. Kwanakin baya ya ga wani yana tallar SSD na waje, wato ma'ajiyar bayanai da ake jonawa a kwamfuta, a sitatus ɗin WhatsApp, wai terabait 2, a kuɗin da ko rabin farashin kasuwa bai kai ba. Bai shawarci kowa ba ya tura kuɗi, aka ba direba saƙo daga wani gari. Kwali tsaf, da ledarsa. Ya jona a kwamfuta, Windows ta nuna masa fili fetal. Sai ya kwashe aikin bukukuwa uku ya zuba a ciki, ya goge na kan kwamfutarsa don ya sami wuri.

Ranar da dangin amarya suka aiko karɓar aikinsu, sunan kowane fayil yana nan, girmansa yana nan, amma ka danna ba abin da ke buɗewa. Ya zo shagona gumi na keto masa. "Yaya, don Allah duba mini, ko bairos ne." Na sa sukuddireba na ɓalle murfin a gabansa. Abin da ke ciki: ɗan katin memori irin na waya, an manna shi da gam a kan wani ƙaramin allo, sai guntun ƙarfe da aka liƙa a gefe don abin ya yi nauyi a hannu. Da na auna katin, ko gigabait 60 bai cika ba.

Ga yadda algus ɗin yake. Kowace ma'ajiya tana da ɗan guntun da ke gaya wa kwamfuta girmanta, ita kuwa Windows ba ta ƙirgawa, abin da aka gaya mata shi take nunawa. Mazambatan sai su sauya wannan bayani, katin gigabait 64 ya riƙa cewa shi terabait 2 ne. Muddin abin da ka zuba bai wuce girman gaskiya ba, lafiya lau, shi ya sa gwajin da ake yi a tsaye, a kwafa waƙa biyu a kunna, ba ya kama komai. Da zarar ka ƙetare iyakar, sauran ya bi iska, ko kuma sabon ya hau kan tsohon ya murƙushe shi. Jerin sunayen fayiloli kuwa a wani wuri daban ake rubuta shi, sai ya ci gaba da yi maka murmushi alhali babu komai a bayansa.

Maganin wannan kyauta ne. Akwai manhajar H2testw, wadda Harald Bögeholz ya rubuta wa mujallar kwamfuta ta c't da ke Jamus. Tsohuwa ce, da Jamusanci ma take buɗewa sai ka danna Turanci, amma har yau ban ga wadda ta fi ta gaskiya ba. Takan cika ma'ajiyar maƙil da bayanai, sannan ta koma ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ta gaya maka nawa ne suka dawo lafiya, nawa suka ɓata. Aibinta ɗaya, cin lokaci: babbar ma'ajiya tana iya kwana tana aiki. Idan kana tsaye a shago ne, nemi ValiDrive da Steve Gibson ya fitar a 2023. Ita wurare 576 take taɓawa daga farkon ma'ajiyar zuwa ƙarshe, ta zana maka taswira, kore inda akwai wuri na gaskiya, ja inda ƙarya ce. Masu amfani da Linux maimakon Windows kuma suna da manhajar F3.

Kada dai a je a yi rigimar banza. Idan ka sayi terabait 1 ka ga Windows ta rubuta gigabait 931, ba a cuce ka ba, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows.

Da na bi sawun mutumin ta wayar ƙanena, sai na ga har laftof yake sayarwa, kowacce da hoton allo mai nuna Core i7. Wannan hoton ba hujja ba ce. Sunan furosesa (injin da ke yi wa kwamfuta lissafi) da Windows ke nunawa rubutu ne da ke cikin rajistarta, wato kundin saitunanta, yaro ma zai iya sauya shi cikin minti biyu, sitikar da ke jikin kwamfutar kuma sayar da ita ake yi. Manhajar CPU-Z ta kamfanin CPUID na Faransa ita furosesar take tambaya kai tsaye. Kuma ko i7 ɗin gaskiya ce, dubi lambar da ke biye. i7-2620M ta 2011 ce, ƙwaƙwalwa biyu gare ta. i5-8250U ta 2017 tana da huɗu, kuma ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Mutanenmu da sun ji "i7" shi ke nan an gama da su. Ganin Windows 11 a kan na'ura ma kada ya ruɗe ka, don a hukumance daga zubi na 8 na furosesar Intel (irin su i5-8250U ɗin nan) take farawa, in ban da 'yan kaɗan, amma ana cusa ta da dabara a kan tsofaffi.

Batir kuwa ba ka buƙatar sauke komai. Buɗe baƙin allon umarni na Windows (Command Prompt) ka rubuta powercfg /batteryreport, za ka ga ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. Sannan manhajar CrystalDiskInfo ta nuna maka awa nawa ma'ajiyar ciki ta yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce. To wanda ya ce maka "sabuwa ce fil, wata Baturiya ce ta ɗan taɓa," kai kuma ka ga awa dubu ashirin, ka san inda aka dosa. Sai dai ita ma wannan lamba ana goge ta. A farkon 2025 mujallar c't ta bankaɗo yadda aka sayar wa mutane a Jamus da wasu ƙasashe faifan ajiyar bayanai na kamfanin Seagate da suka yi shekaru suna aiki a matsayin sababbi, bayan wasu 'yan kasuwa sun mayar da agogon sifili. Wani kundi na biyu da ke cikin faifan, mai suna FARM, shi ya tona asirin.

Masu sayen katin hoto (na'urar da ke sarrafa hoto a kwamfuta) don wasanni ko haɗa bidiyo, ku buɗe manhajar GPU-Z ku ga ainihin abin da ke cikinsa. An daɗe ana sauya wa tsohuwar samfurin GTS 450 ta 2010 suna ta koma GTX 1050 Ti. Ta gaske tana da ƙwayoyin aiki 768, ta jabun 192.

Manhajojin nan ka zo da naka a filashinka, kada ka yarda da wanda mai kaya ya riga ya sa. Kuma ka sauke su daga shafin masu su, ba daga tallar da ke fitowa a saman Google ba. A 2023 kamfanin Malwarebytes ya gano wata talla irin wannan da ke raba CPU-Z ta bogi ɗauke da manhajar satar kalmomin sirri.

Shi kuwa mai tallar SSD ɗin, da muka kira shi sai ya ce wai ƙanena ne bai iya cire na'ura ba. Na ce ya turo wani SSD ɗin mu gwada a gaban direba, in ya ci jarrabawa mu biya. Daga nan ya toshe mu. Ba shi da shago, ba ya yarda da biya bayan gwaji, kullum "saura guda biyu" ne, kuma sunan da ke kan asusun bankin daban yake da wanda yake amsawa. An ce mini yanzu da wata lambar yake tallar.

Biki ɗaya muka iya cetowa, shi ma don ba a riga an goge katin kyamarar ba. Sauran biyun ƙanena ya mayar da kuɗin mutane, ya bi su gida-gida yana ba da haƙuri. Kwankon SSD ɗin yana nan a kan teburina da guntun ƙarfensa, duk wanda ya shigo da maganar arhar WhatsApp shi nake fara miƙa masa.