Na ba da farantan IMRC na tsohuwar Cobra gyara: abin da na gani bayan wata takwas

Wata takwas ke nan da na mayar da farantan IMRC, wato farantan da ke sarrafa iskar da injin motata ke shaƙa, cikin inji bayan wani shago ya gyara su. Da gangan na ƙi cewa uffan tun a lokacin, don wanda ya kashe kuɗi a mota, a makon farko komai daɗi yake yi masa. Yanzu da motar ta ci bazara ta ci kaka a titunan Columbus ta jihar Ohio a Amurka, zan iya magana. Aikin da shagon ya yi wa farantan ya yi kyau, kuma da za a koma baya zan sake ba su. Amma sai da na kwance saman injin sau biyu, kuma wani kaso na laifin nasu ne.

Motar Ford Mustang SVT Cobra ce ƙirar 1997. Injinta mai silinda takwas ne, lita 4.6, bawul 32, ƙarfin doki 305 a takarda. Gangar jikin injin ta alminiyom ce da kamfanin Teksid ya zuba a Italiya, sannan aka haɗa shi da hannu a garin Romeo na jihar Mishigan. Har yau ɗan allon da mutum biyun da suka haɗa shi suka sa wa hannu yana nan manne a murfin bawul. Na saye ta hannun wani dattijo da ya ce gwiwarsa ta daina jure kuloci. Bai ɓoye mini komai ba, sai dai shi kansa bai san cewa motar ta daɗe ba ta ba shi duk abin da ke cikinta ba.

Ga wanda bai san abin ba, ga yadda yake. A wannan injin kowace silinda tana da bawul biyu na shan iska, kuma kowane bawul da hanyarsa daban. Tsakanin manifol da tof silinda akwai faranti guda a kowane ɓangare, kowane faranti da ƙananan ƙyamare huɗu a jere a kan sanda ɗaya. Idan inji yana tafiya a hankali, sifirin yana riƙe ƙyamaren a rufe, sai iska ta bi hanya ɗaya kawai. Kamar dai ka danne rabin bakin tiyo da babban yatsa ne, ruwan ya fito da ƙarfi. Iskar da ta shigo da gudu tana cakuɗa da fetur sosai, shi ya sa motar ke tashi da kuzari daga tsaye. Da inji ya kai wajen juyi 3,250 a minti, sai ƙwaƙwalwar motar ta ba wani ƙaramin akwati mai moto umarni, shi kuma ya ja waya biyu irin ta birkin keke, ƙyamaren takwas su buɗe gaba ɗaya. Daga nan har jan layi a 6,800 inji yana shaƙa da hanci biyu.

Dabara ce mai kyau, amma da aibinta. Nozul yana fesa fetur ne ta hanyar farko kaɗai, don haka ita kullum a wanke take. Hanya ta biyu babu mai wanke ta. Tururin baƙin mai da ake mayarwa cikin manifol ta bawul ɗin PCV, da hayaƙin salansa da bawul ɗin EGR ke dawo da shi, su ne ke haɗuwa su kwanta a kan ƙyamaren shekara da shekaru. Wanda kuma ke lallaɓa motar, ba ya bari ta wuce 3,000, kamar dattijon nan, shi ne ya fi ba dattin damar yin gida.

Abin da na fara lura da shi, motar ta zama raguwa a danja. Sai ka ba ta wuta fiye da kima kafin ta ɗaga, silo kuma yana ɗan rawa da safe. Daga baya fitilar gargaɗin inji ta kama. Na jona ɗan na'urar karanta lambobi, ta ba ni P1518, wato ƙyamaren sun maƙale a buɗe.

Na kira Kawu a Kaduna, wanda ya yi rayuwarsa kaf a ƙarƙashin bonet ɗin 504 da 505. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, abin da ba shi ke tayar da mota ba, cire shi ka huta." Na ce, "Kawu, ai haka kuka yi wa tamostat har kuka ƙarar da su a ƙasa." Ya yi dariya har da tari. Abin mamaki, Amurkawa da yawa ra'ayin Kawu gare su. Ana sayar da farantai marasa ƙyaure, ko mutum ya zare sandar ya toshe ramukan. Ga mai tsere, ko wanda ya ɗora wa injin na'urar cusa iska, hakan daidai ne, tunda shi a sama yake rayuwa. Amma sai an sake saita ƙwaƙwalwar motar, in ba haka ba fitila ba za ta mutu ba, kuma kuzarin tashi daga tsaye yana raguwa. Ni kuwa tuƙina na zuwa masallacin Juma'a ne da ɗan zagayen yamma. A ƙasa da 3,000 nake yini. Ita Ford ɗin ma ba cirewa kawai ta yi ba: sai da ta sauya tof silinda gaba ɗaya a Cobra ta 1999 kafin ta rabu da ƙyamaren.

A watan sanyi na yi aikin, lokacin da dama motar tana ajiye saboda gishirin da ake watsawa a titi. Na cire batir, na sauke matsin fetur, na ɗaga manifol. Da na juya faranti na farko a hannuna sai na tuna rufin madafin kakata. Kunkunniya ce baƙa ƙirin, mai danƙo, ta cika gefen kowane ƙyaure har ba ka ganin inda ƙarfe ya ƙare. Na sa farce na kankara, ta naɗo kamar ƙanzo. Na tura hannun sandar da yatsa, ya tafi da ƙyar yana gurnani, na sake shi, maimakon ya koma da kansa sai ya tsaya a rabin hanya yana kallona. Na ɓangaren direba ya fi muni, don har girgiza sandar take yi in ka kama ta, alamar boris ya ci.

Da datti ne kaɗai, da gwangwani biyu na maganin wanke kafireta da tsohon buroshin haƙori sun ishe ni. Boris ɗin ne ya sa na nemi masu sana'a. Sukurorin da ke riƙe ƙyamaren ƙanana ne ƙwarai, kuma an daddale ƙarshensu tun daga masana'anta don kada su kwance su faɗa cikin inji. Ka matsa musu da gaggawa, kai ya ɓalle, ka shiga uku. Sa'ata ɗaya farantan 1996 da 1997 na alminiyom ne, suna jure gyara. Na 1998 na roba ne mai tauri.

Shagon na wata jiha ne, na mutum ɗaya da yaronsa, kuma ba zan kama suna ba. A waya mutumin ya burge ni. Kafin na gama bayani ya tambaye ni ko sandar tana wasa gefe da gefe ko sama da ƙasa, ya kuma ce kada in aiko da sifirin a kwance, in bar komai yadda na same shi. Ya ce mako biyu. Kuɗin da ya faɗa bai kai na sababbin tayoyi biyu na motar ba, kuma kuɗin aikawa nawa ne zuwa da dawowa.

Mako biyu ya zama biyar. Jinkirin bai dame ni ba kamar shirun. Saƙo uku na tura kafin a amsa ɗaya, amsar kuma kalma huɗu ce. Duk tsawon lokacin injin yana buɗe a gareji, na cusa tsumma a ramuka goma sha shida, kullum uwargida in ta zo wucewa sai ta ce, "Malam, marar lafiyar taka har yanzu ba a sallame ta ba?"

Ranar da kwalin ya iso kuwa, fushina ya sauka rabi. An naɗe kowane faranti daban. Alminiyom ya fito fes, ba tare da an kankare fuskar da gaskit ke zama a kai ba, wanda shi na fi tsoro. Na ɗora ƙarfen awo a kai, babu inda haske ya ratsa. An sa sababbin boris da robobin toshe iska a bakin sandar. Na tura hannun da ɗan yatsa, ya tafi sumul, na saki, ya koma da ƙara ɗaya, ƙas. Na ɗaga farantin saitin fitila ina leƙen gefen ƙyamaren: siririn haske iri ɗaya a duka huɗun, babu wanda ya karkace. Na bi sukurorin ɗaya bayan ɗaya da sukudireba, duka a ɗaure, da alamar maganin kulle zare a gindinsu. Har tsofaffin boris ɗin ya sako mini a 'yar leda, ɗaya na juya shi a yatsa yana ƙara kamar an zuba masa yashi. Wannan ɗabi'a ta dawo wa mutum da abin da aka cire, ina ganin girman mai yin ta.

Gaskit ne babu. A waya na fahimci suna cikin kuɗin, shi kuma ya ce bai faɗa ba. Ban da shaida, don haka na bar wannan a matsayin rashin fahimta. Na saya daban, na ƙara jiran kwana huɗu.

Na haɗa komai, ina ɗaure notina daga tsakiya zuwa waje, a hankali, don zaren alminiyom ba ya yafiya. Ta tashi bugu ɗaya. Silo ya zauna daram, fitila ta mutu. Fita ta farko, tun daga bakin layinmu na ji bambanci: na ɗaga ƙafa daga kuloci, motar ta tafi da kanta ba tare da roƙo ba. Na hau babbar hanyar I-270, na bar ta a giya ta biyu na taka. Da allura ta wuce 3,000 kaɗan sai muryar injin ta sauya, ta yi kauri, kujera ta turo ni a baya. Wata shida ina da motar, ban taɓa jin wannan ba. Ni kaɗai a mota na ce Allahu Akbar.

Kwana tara daɗin ya yi. Ranar na goma na taka a wuri ɗaya, sai ta ba ni rabin abin. Ƙasa lafiya lau, sama kuma kamar mai gudu da mura. Fitila ba ta kama ba. Na kira wani abokina ɗan Zangon Kumasi da ke aikin manyan motoci a nan garin. Ya zauna a kujerar direba yana ba ta wuta, ni kuma na leƙa da tocila da ɗan madubi. Hannun faranti ɗaya yana motsi, ɗayan ko gezau. Ya fito ya karɓi tocilar ya duba da kansa, ya ce, "Mutumina, wayarka ta tsinke. Kuma ka san inda akwatin yake."

Na sani. A ƙarƙashin manifol yake, a kwarin da ke tsakanin ɓangarorin injin biyu. Babu hanyar kai hannu gare shi sai an sake ɗaga duk abin da na ɗaure.

A nan zan raba laifi. Ranar da na kwance, na ga silin ƙarfe biyu ko uku sun tashi a jikin wayar, na ce ai za ta kai. Wannan nawa ne. Amma mutumin da sana'arsa ke nan ya fi ni sanin cewa wayar da ta yi shekaru tana kokawa da ƙyamare masu danƙo ta riga ta gaji. Takardar da ya sako a kwali ta yi maganar gaskit, ta yi maganar ɗaurin noti, ba ta ce ko kalma ɗaya a kan waya ko akwatin ba. Layi guda da ya ce a duba su kafin a rufe, da ya cece ni daga asarar Asabar da Lahadi da wani sabon gaskit. Da na kira shi na faɗa masa, bai yi musu ba. Ya ce gaskiya ne, yakan faɗa wa mutane a waya, ni ne ya manta. Ya kuma kwatanta mini yadda zan gwada akwatin a kan tebur kafin in mayar. Sabon akwati ya yi wuyar samu yanzu, sai na hannu na samo daga wata Cobra da ta yi hatsari. Kada wanda ke nema ya ɗauka na Lincoln Mark VIII zai shiga kai tsaye don injinsu dangi ne, a tambaya tukuna.

Wanda zai ba da irin wannan aiki, ya tambayi abu uku a rubuce: kwana nawa, gaskit na ciki ko babu, kuma za a sauya boris ne ko wanki kawai za a yi. Wanki kawai bai cancanci kuɗin aikawa ba, kowa zai iya a bayan gida. Idan kuma sandar ba ta wasa, sifirin yana mayar da ita bayan an wanke, a riƙe kuɗin a sayi sabuwar wayar jan ƙyamaren.

Man da take sha a cikin gari ya ɗan ragu, amma ban auna da kyau ba, kuma tun da ta warke ƙafata ta ƙara nauyi, don haka ba zan yi wa kowa alkawari a nan ba.

Tun daga kwancewa ta biyu ba ta sake yi mini komai ba. Na sa ɗan gwangwanin tare mai a kan tiyon PCV, saboda gyaran bai kashe tushen dattin ba, share shi kawai ya yi. Duk sanda na yi juyen baƙin mai nakan zazzage shi, in sami abin da ya kai cokali biyu ko uku na wani ruwa mai kalar kunun kanwa da ya ƙone, wanda da a kan ƙyamaren zai kwana. Kuma duk fita, in inji ya yi zafi, sai na nemi wuri na wuce da ita 4,000 ko sau ɗaya ne don ƙyamaren su motsa. Na tura wa Kawu hoton gwangwanin. Ya turo murya ya ce shi dai har yanzu da cirewa ya yi.