Wasiƙa zuwa Samaru: ɗakin da ake karantar da kyamara

Salamu alaikum Yaya. Ina gajiya, yaya iyali da jikin Hajiya? Mu nan arewacin Ingila sai godiya, illa sanyi da duhu, don a watan nan kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi.

Ka tambaye ni labarin ɗakin ɗaukar darasi da ake sa mu shiga a nan, tunda kuna shawarar kafa irinsa a sashenku. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ɗakin a laburare yake, bai fi shagon mai caji na bakin kasuwar Samaru girma ba. Ta intanet ake kama lokaci. Ka ɗora katin shaidarka, ƙofa ta buɗe. Da ka soka filash sai fitilu su kama, kyamara ta tashi. Maɓalli ɗaya za ka danna ka fara magana, in ka gama ka sake dannawa, ka zare filash ɗinka ka yi gaba. Daga Jami'ar Penn State ta Amurka dabarar ta fito, One Button Studio suka sa mata suna. Ranar farko sai da na yi tsaye a bakin ƙofa ina jiran wanda zan gaisar in nemi izini. Babu kowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne allon gilashi. Wani farfesan injiniya, Michael Peshkin na Jami'ar Northwestern, shi ya ƙirƙiro shi, ya kuma saki bayanin yadda ake haɗa shi kyauta ga duk mai so. Gilashi ne babba a tsaye tsakaninka da kyamara, an jera ƙananan fitilu a gefunansa, bayanka baƙin labule. Kana rubutu da maka mai ƙyalli kana fuskantar ɗalibi, ba ka juya masa ƙeya, rubutun kuwa kamar a iska yake rataye. Na'ura ce ke juya hoton kamar madubi don rubutun ya karantu, saboda haka mai rubutu da dama sai ya fito bahago. Da na tura wa Hajiya guntun bidiyon, abin da ta fara tambaya ke nan, wai yaushe Turawa suka mayar da ni bahago. Kuma in ka samu irinsa, kada ka shiga da farar shadda. Na yi wannan gangancin, rabin lissafina ya ɓace a ƙirjin kaftani.

Darasina na farko minti 50 na ɗauka, na fito ina jin na yi abin kai. Matar da ke duba mana bidiyo kafin a ɗora ta saurara, ta ce in je in yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane kada ya wuce minti 6. Raina ya ɓaci. Sai ta nuna mini binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014, inda suka bi diddigin kallo kusan miliyan 7 a edX, dandalin darussan intanet. Sun gano cewa komai tsawon bidiyo, yawancin ɗalibai daga wajen minti 6 suke fara zamewa. Sun kuma ga cewa malamin da ya zauna a teburinsa yana bayani kamar hira yakan riƙe ɗalibi fiye da wanda aka kashe wa maƙudan kuɗi a babban situdiyo. Ka riƙe wannan na biyun, in aka zo maganar kasafi.

Da na zauna yankan ne na ji kunya, Yaya. Na cire gyaran murya, na cire maimaici, na cire labaran da muke cike lokaci da su. Abin da ya rage na ainihin karatu bai kai minti 15 ba. Na tuna shekarun da na yi a gida ina shifta wa ɗalibai rubutu awa biyu cur, ana zufa, ina ganin na karantar. A aji kwarjini yana rufa wa malami asiri. Kyamara ba ta san kwarjini ba.

Ba komai ne daɗi ba. Dokar ƙasar nan ta 2018 ta wajabta wa hukumomin gwamnati, daga Satumbar 2020, su sa rubutun magana a ƙasan bidiyon da suke wallafawa, saboda kurame da masu ƙarancin ji. Abu ne mai kyau. Amma na'urar da ke rubutawa ba ta san harshen Bazazzagi ba. Duk inda "fa" da "pa" suka haɗu sai ta yi mini ƙage, in kwana ina gyara. Wasu ɗaliban kuma sun daina zuwa aji, sai jarrabawa ta matso su haɗiye bidiyon zango guda a dare uku. Malamai na ƙorafin wa ke da mallakar abin da aka ɗauka, musamman in an shiga yajin aiki. Ku da kuka yi wata 8 a gida a 2022, ku rubuta wannan a takarda tun kafin a kunna kyamara.

Ga inda nake so ka tsaya. A nan wuta araha ce in an gwada da albashi, ba a ɗauke ta, intanet na makaranta kyauta ne, ginin kuma shiru kamar maƙabarta. Abu mai tsada shi ne mutum: albashin mai ɗaukar hoto ɗaya na shekara ya sayi kayan ɗakin gaba ɗaya. Dalilin maɓalli ɗaya ke nan. Mu a Zariya abin a juye yake. Hannu muke da shi. Yaran da ke ɗaukar bikin aure a Tudun Wada da Sabon Gari sun san haske da tace hoto, ga ɗaliban aikin jarida, ga NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa, nan kusa da ku da ta daɗe tana shirya wa manoma shirye-shiryen rediyo da talabijin. Wuta da shiru su ne masu tsada, kuma janareta in ya ba ka ɗaya sai ya ƙwace ɗaya. Don haka kuɗin farko sola da batir da inbata za su ci. Na biyu makirfo. Ɗalibi zai yafe hoto mai dishi-dishi, amma muryar da ba ta fita, nan take zai kashe. Kyamara ta zo ƙarshe, wayar da ke aljihunka ta isa a fara. Bango kuwa labule mai kauri da tsohuwar katifa sun wadatar, da kafet a ƙasa, sai ƙyallen rufe kaya saboda ƙurar hunturu.

Sannan ɗalibinmu da kuɗin abincinsa yake sayen data. Ku matse bidiyon ya zama ƙarami, ku fitar da na murya zalla, ku bari a tura ta WhatsApp ko a zuba a memori. Ai ba baƙon abu ba ne, haka tafsirin azumi ke yawo daga waya zuwa waya a wajen masu caji. In da hali, kowane darasi a bi shi da minti 3 na bayani da Hausa.

Makulli kuma kada ya zauna a aljihun mutum ɗaya. A wani wuri da na taɓa aiki, ɗakin kwamfuta ya shekara a rufe saboda mai makullin ya tafi ƙaro karatu.

Akwai mai zuwa gida kafin azumi, zan ba shi makirfo biyu irin na maƙalawa a wuyan riga. Kai kuma wannan sito na ƙarshen baranda da ka ambata, ka shiga da ƙarfe goma na safe ranar Talata, ka rufe ƙofa, ka kunna rikoda a waya, ka yi shiru na minti ɗaya ka turo mini. Ina so in ji ko ƙarar babura da janaretan masu hoton takardu na shigowa. In mutumin zai dawo, a haɗo mini da kuka da kuɓewa busasshiya. A gaida Hajiya da kyau.