Roba, katako ko mai nutso: wane samfurin jirgin ruwa ya dace da Zariya?

Kafin ka tambayi farashi, fara auna wurin da za ka ajiye jirgin, wato ɗan ƙaramin kwaikwayon jirgin ruwa da za ka harhaɗa da hannunka daga sassan da ke zuwa cikin kwali. Lambar da ke jikin kwali, 1:350 ko 1:700, tana nuna sau nawa aka rage girman jirgin na ainihi. Bismarck, jirgin yaƙin Jamus wanda aka nutsar a watan Mayun 1941, tsawonsa mita 251 ne. A ma'aunin 1:350 zai kai santimita 72, a 1:700 kuwa 36. Yamato na Japan ya ɗara shi, mita 263, wato santimita 75 a 1:350. Na 1:700 ya fi araha, ba ya cin wuri, amma ƙananan bindigoginsa ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kuma duk wadda ta suɓuce daga matsefata ta faɗa kan tabarma, sai haƙuri.

Jiragen yaƙin ƙarni na 20 galibi na roba ne, irin na kamfanonin Tamiya, Revell da Trumpeter. Tamiya ya yi suna wajen sassa masu zama daram ba tare da an sha kankara ba. Trumpeter yakan cika kwali da ƙananan sassa, wani lokaci har da 'yan siraran tagulla na shingen bakin jirgi, masu ƙayatarwa amma masu wahalar da sabon hannu.

Jirgi mai filafilai shi ne ke sace zuciya, ni ma na san haka. HMS Victory, wanda ya yi yaƙin Trafalgar a 1805 kuma yana nan ajiye a Portsmouth ta Ingila, ko Cutty Sark, mai jigilar ganyen shayi da aka ƙaddamar a 1869. Kamfanonin OcCre, Amati da Artesanía Latina suna yin irin waɗannan jirage da katako: kai za ka jiƙa siraran katakai, ka lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya kan haƙarƙarin jirgin, sannan ka shiga ɗaure-ɗauren zare na watanni. Sai dai yanayinmu ba ya raga wa katako. Da damina yana shan laima ya kumbura, hunturu na kamawa ya bushe ya tsuke, har ka ga tsaga tsakanin katakan. Ƙura kuma in ta kwanta kan zaren, ba tsumman da zai shiga ya goge ta. Ga kuma gara mai cin katako. Wanda ya nace sai mai filafilai, gara ya fara da na roba, kamar Victory na kamfanin Airfix a 1:180.

Ni dai shawarata ga sabon shiga ita ce jirgi mai nutso, wato mai tafiya a ƙarƙashin ruwa. Samfurin VIIC na Jamus, na Yaƙin Duniya na Biyu, mita 67 ne; Revell na yin sa a 1:144, kusan santimita 47, da kuma 1:72, santimita 93. Ɗauki na farkon. Sassansa kaɗan ne, launukansa duk dangin ruwan toka ne, zaren da ke kansa bai taka kara ya karya ba, buroshi mai laushi ya isa ya kaɗe masa ƙura. Za ka gama shi tun zafin sha'awarka bai huce ba.

Yawancin kwalayen ba sa zuwa da gam ko fenti, kuma masu sayarwa daga waje sukan ƙi turo gam da fenti ta jirgin sama saboda suna kama wuta. Reza, samfefa da fentin akirilik, nemi su a shagunan Samaru inda ɗaliban zane da tsara gine-gine na ABU ke sayayya. Gam mai kamawa nan take yana barin farin dusu-dusu a jikin roba, sai a ɗiga shi da bakin allura; katako kuwa farin gam na kafintoci ya ishe shi. Da hunturu akirilik kan bushe tun yana kan buroshi, don haka a riƙa sirka shi da ruwa.

Cikin lissafinka sa kuɗin aike da na kwastam, sannan ka ware na akwatin gilashi. Masu aikin alminiyam a Sabon Gari za su haɗa maka. Ka ba su awon jirgin da rarar santimita 5 ta kowane gefe, ka kuma ajiye shi nesa da taga, don zafin watan Afrilu na iya lanƙwasa roba.