Asusun kullum na wani gidan ajiya a Maraɗi: yana da tsada, amma yana tsare kuɗi

A cikin hidimomin kuɗi da ake tallata wa masu ƙananan sana'o'i a Maraɗi, babu wadda ta shiga harkar shagona kamar asusun kullum na wani ƙaramin gidan ajiya da lamuni da ke kusa da babbar kasuwa. Ni tela ne, kuɗina ba ya zuwa a dunƙule a ƙarshen wata kamar albashin ma'aikaci, sai dai dala 100 yau, jika 2 gobe, kuma irin wannan kuɗi shi ne ya fi saurin zurarewa daga hannu. Ra'ayina a kan hidimar shi ne tana da tsada fiye da yadda yawancin masu zubi suke zato, amma ta cancanci kuɗinta ga wanda ya san abin da yake tarawa dominsa.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ana ba mutum kati mai gida 31, shi kuma ya yanka wa kansa abin da zai riƙa zubawa kowace rana. Bayan la'asar mai karɓa yakan tsaya da babur a ƙofar shago, ya yi sallama, ya ce, "Malam, a kawo na yau," sannan ya sa hannu a gida ɗaya na katin, ya kuma rubuta a littafinsa a gaban idon mai kuɗi. Idan kati ya cika, gida 30 na mai zubi ne, gida ɗaya kuma ladan gidan ajiya. Wanda yake zuba sefa 1,000 a kullum zai karɓi 30,000.

A nan ne ya kamata mutum ya zauna ya yi lissafi da natsuwa. Gida ɗaya cikin 31 ya ɗan haura kashi 3 cikin 100, kuma ba a kan ajiyar shekara ake cire shi ba, a kan ajiyar wata guda ne, wadda ma zubin ƙarshenta bai fi kwana ɗaya a hannunsu ba. Mai zuba jika ɗaya a kullum, in ya cika kati 12, ya bar musu jika 12. Abin da ya fi damuna shi ne ladan ba ya raguwa idan kati bai cika ba: wanda ciwo ko rashin ciniki ya tsayar da shi a gida na 15, in ya zo karɓa, za a cire masa gida guda cif, wato kusan kashi 7 cikin 100. Ba a fayyace mini wannan ba ranar da na buɗe katin, alhali kuwa shi ne sharaɗin da ya fi shafar talaka. Ba sa ƙara wa mai ajiya ko dala, kuma wannan bai dame ni ba, domin da yawa daga cikinmu muna gudun kuɗin ruwa, mun fi samun kwanciyar rai da biyan ladan ajiya.

To, me ya sa nake ci gaba da zubi? Saboda yadda shekarar tela take tafiya. Aiki yana yin yawa a watan azumi da gabanin Babbar Salla, har mu kwana a kan keke, bayan haka kuma sai kasuwa ta yi sanyi. Su kuwa manyan hidimomin gida ba sa jiran ciniki. Layya tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma a ƴan shekarun nan tana faɗowa ne a bakin damina, daidai lokacin da hatsi ya yi tsada, ƴan uwa na ƙauye kuma suke neman taimakon iri da taki. Kafin mutum ya farfaɗo, Oktoba ta zo da komawar yara lakwal, ga littattafai, ga kayan sawa, ga kuma haraji da kuɗin hayar shago da ba sa ɗaga ƙafa. Tsakanin waɗannan akwai suna da biki da gudummawar da ba a iya ƙin bayarwa. Kuɗin da yake aljihu ba ya tsira daga wannan duka. Wanda ya shiga kati kuwa ya fita daga hannu, kuma idan aka zo neman rance zan iya cewa kuɗina yana wurin ajiya ba tare da na yi ƙarya ba. Da haka na sayi ragon layya ba tare da na ci bashi ba, kuma na saya da wuri, kafin farashi ya hau a makon Salla.

Akwai wasu hanyoyin, kuma kowace tana da gurbinta. Adashe ba ya cin lada, amma ranar kwasa ba kullum take dacewa da ranar bukata ba, kuma mutum ɗaya in ya karya alkawari kowa zai ji a jikinsa. Tsarin Mata Masu Dubara, wato asusun haɗin gwiwa na mata, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ya fi wannan kati amfani ga mai iya zama cikin ƙungiya, domin abin da asusun ya samu yana komawa ga masu zubi ranar rabo. Ajiya a salula kuma tana da sauƙi, sai dai sauƙin nata ne matsalar, tunda kuɗin da ake iya cirewa da tsakar dare bai yi nisa da hannu ba.

Inda gidan ya gaza shi ne wajen biya. Karɓa suna yinta a ƙofar shago, amma bayarwa sai mutum ya je ofis, kuma a makon Salla na tarar da layi har waje, taga ɗaya ce kawai take aiki, mata masu goyo suna tsaye cikin rana. Mai haɗa katuna da yawa kuma sai ya ba da sanarwa tun kafin ranar. An taɓa sauya mai karɓa ba tare da an gabatar mana da sabon ba, na ƙi ba shi kuɗi sai da na je na tabbatar. Duk wanda ya ga ƙarancin takardun kuɗi da aka sha bayan takunkumin da ƙungiyoyin ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO da UEMOA, suka saka wa Nijar a 2023, wanda aka ɗage a Fabrairun 2024, ya san cewa tambayar farko ita ce ko kuɗin zai fito ranar da ake bukatarsa. Don haka kafin a karɓi kati, a nemi ganin takardar izinin aiki da ma'aikatar kuɗi ta ba gidan, kuma kada a yarda a ba mai karɓa ko dala sai ya sa hannu.

Abu ɗaya da na yaba shi ne ajiyar da sefa ake yinta. A garin da naira take yawo saboda cinikin Jibiya da Katsina da Kano, waɗanda suka ɓoye naira a gida sun ga yadda ta zube tun daga 2023, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Lamunin da suke tayi ga wanda ya daɗe yana zubi kuwa ban karɓa ba, domin yana da ruwa.

Hidimar ta dace da tela, da mai kabu-kabu, da mai tuyar ƙosai, da duk wanda kuɗinsa yake shigowa kaɗan-kaɗan kuma yake da wata hidima sananniya a gabansa. Shawarata ita ce ya yanka zubin da zai iya cikawa ko a ranar da babu ciniki, ya kuma karɓi kuɗin Salla tun saura mako biyu. Mai albashi, da mai son ajiyar shekaru, gara su buɗe asusun ajiya na banki, inda ba a cire gida guda kowane wata.