PokerGO: in za ka kalla, ka kalli Cary Katz

Maganar gaskiya PokerGO ba ta kowa ba ce. Manhaja ce ta kallon gasar karta ta poka, ana biyan kuɗin wata ko na shekara da dala, bayanin duk da Turanci, kuma tana shan data sosai don teburin ƙarshe kaɗai sai a kwashe awanni ana yinsa. Ni dai sai dare nake kallo in na taso daga shago a Kasuwar Barci, don lokacin netwok ya fi zama a unguwarmu.

Aikin nasu kam ya yi kyau wlh. Suna da situdiyonsu a otal ɗin Aria da ke Las Vegas tun 2018, katunan na ɗauke da wata 'yar na'ura da teburin ke karantawa, saboda haka kai da ke Tudun Wada kana ganin katin kowa a allo har da kason yiwuwar cinsa, su kuma da ke zaune ba su san me ke hannun juna ba. Nan daɗin yake, kana kallon mutum yana burga da katin banza fuskarsa ko gezau.

Amma wanda ya zaunar da ni shi ne mai gidan da kansa, Cary Katz, da suke ce wa El Jefe. Mutumin ɗan kasuwa ne tun asali, a 1999 ya kafa College Loan Corporation mai ba ɗaliban Amurka rancen karatu, a 2015 ya kafa kamfanin Poker Central wanda daga ciki PokerGO ta fito a 2017. Da ka ji haka sai ka ɗauka irin masu kuɗin nan ne da ke zuwa a yi musu wayo a kwashe, ina! A 2018 ya ci gasar da kuɗin shigarta dala dubu 100 ne a Bahamas, a 2019 kuma ya ci gasar Super High Roller Bowl na Landan, fam miliyan 2.1, bayan ya doke Ali Imsirovic da suka rage su biyu.

Salonsa haƙuri ne, haƙurin da har haushi yake ba mai kallo. Samarin nan da suka haddace lissafin kwamfuta sai ɗaga kuɗi suke suna matsa wa kowa, shi kuwa ya leƙa katinsa ya tura wa mai rabawa, wato ya janye daga zagayen, ya sake leƙawa ya sake turawa, cif ɗinsa (ƙwayoyin da ke madadin kuɗi a tebur) na raguwa, kuɗin da dole a zuba kafin a raba kati na hawa amma ba ya rikicewa, har sai ka ga manya sun kakkarya juna an fitar da su shi yana nan zaune da ɗan abinsa. Duk wanda ya taɓa riƙe kaya a sito kasuwa ta faɗi ya ƙi karyarwa zai gane wannan zaman. Kuma in ya ga ƙofa ba ya wasa, tura komai yake tsakiya.

'Yan'uwa kar mu ruɗi kanmu fa, poka caca ce, hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne, kuma Katz na zama a teburin nan ne da dukiyar da ya riga ya tara a kasuwanci, in an fitar da shi gobe ya sake biya. Yaron da ke tara jarin POS a Kawo ba shi da wannan. Manhajar ta kallo ce, ni sisina ba ya shiga wasan, kuma wanda ya san zuciyarsa na da rauni gara ya bar ta gaba ɗaya.

In kana son gwadawa fara da tasharsu ta YouTube, akwai guntayen wasanni kyauta, ka nemo na Landan ɗin 2019 kafin ka taɓa katin dalarka.